Injin Zarton Mahaifinku da Wanda Zai Maye Gurbinsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ce Talatu, mahaifiyarku, nake rubuta wannan da hannuna a ɗakina, a gidanmu na bakin kanal ɗin ban ruwa da ke tsakanin Kura da Bunkure. Hankalina yana jikina, ba wanda ya tilasta ni, ba kuma zafin ciwo ne yake magana ba. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini wuya, amma kaina garau yake. Likita ya faɗi nasa, jikina ma ya faɗa mini nasa. Malam Abdulsamad, limamin unguwarmu, shi ne shaidata, kuma takardar za ta zauna a hannun Mansura. Karatuna bai wuce firamare ba, inda kuka ga kuskure ku ɗauki ma'anar ku bar kuskuren.

Zuwa gare ku ku uku: Sammani, da Mansura, da autana Sabi'u. Kai ɗan fari, ka san bakina bai taɓa kama sunanka ba tun da na haife ka. Takarda ce ta sa na rubuta shi, don kada a ce ba a san da wa nake ba. Daga nan Babba zan ci gaba da ce maka kamar kullum.

Na farko. Ku riƙe salla. Idan lokacina ya yi, kada a jinkirta ni don jiran na nesa, kada kuma a ɗora manyan tukwane don mutane su ce an yi sadaka. Azumin bana ciwo ya hana ni, na faɗa wa liman, zai nuna muku yadda za a ciyar a madadina.

Na biyu, gado. Gonar da na gada daga mahaifina, da 'yan awaki, da kayan ɗaki, malamai su raba muku yadda Allah ya tsara. Ba ni da ikon fifita wani a cikinku, ba na ma so. Roƙo ɗaya nake yi ga mazan: in an zo rabo, ku bari tukwanen turara shinkafa su faɗa cikin kason Mansura. Ita ta sha hayaƙi tare da ni tun tana yarinya, da hanci kawai take gane shinkafa ta isa saukewa. Ku in kun ɗauka, awaki za ku riƙa ba ruwa a ciki.

Amma shinkafar da ke tsaye a gonata yanzu ba ta cikin gado. Na riga na ba ku ita kyauta ku uku, ina raye, a gaban liman, don a sayar a sayi injin zarto da zai maye gurbin na mahaifinku. Yawancin abin da ya rage a takardar nan a kan wannan ne.

Na uku, kayan mutane da ke hannunmu. Akwai gungumen aliliba a bayan rumfar aiki, da zanen gawayi a jikinsa. Na Ɗanasabe ne, mai garaya, abokin mahaifinku na ƙauyen Maguzawa da ke bayan Bunkure. Daga gonar ubansa ya saro shi, ya kawo a amalanke, don a fitar masa da sabon ƙoƙon garaya, tasa ta tsage. Mahaifinku ya bar itacen ya bushe, ya zana, bai kai ga yankawa ba Allah ya karɓe shi. Ɗanasabe ya zo gaisuwa, ya zauna a bakin rumfa har la'asar, idonsa yana kan itacen, sannan ya tafi. Ya tsufa. Sabi'u, wannan aikin yana wuyanka, kuma kada ka karɓi ladan aiki. Akwai kuma magagari mai jan ƙota a cikin akwatin kayan aiki, na Jaji ne mai walda a Kura. A mayar masa, a yi masa godiya.

Na huɗu. Wannan shi ne ya fi ciwon nauyi a ƙirjina.

Babba, Sabi'u, tun ranar da injin nan ya ƙone ba ku gaisa ba. Kuna shiga ta zaure ɗaya, kuna bin liman ɗaya, amma in ɗaya ya ji takun ɗaya sai ya sauya hanya. Matar Babba tana zuba abincinku a kwano biyu, abin da ba a taɓa yi ba a gidan nan. Na ji Babba yana maganar a rushe rumfar a mayar da ita ɗakin ajiye taki. Na ji Sabi'u yana neman mai ɗaukarsa aiki a wani shagon kujeru a Kano, kuma na san in ya tafi a haka ba zai dawo ba. Kuna tsammani ban sani ba don ina kwance.

Bari in ba ku labarin injin tun daga farko, don ku biyun rabi-rabi kuka sani.

Da aka kawo ni gidan nan, gizago da wuƙa da zarton hannu su ne dukan kayan aikin mahaifinku. Yana sassaƙa garaya da molo, yana haɗa gurmi da goge da kukuma. Ƙoƙon garaya ɗaya yakan cinye masa kwanaki, tafin hannunsa ya zama kamar busasshen ƙirgi. Dangina ba su so sana'ar ba. Shi kuwa yakan ce bai taɓa yi wa kowa kiɗa ba, itace yake gyarawa, abin da mutum ya yi da shi tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Wata rana samarin cocin ƙauyen su Ɗanasabe suka kawo masa jita da fuskarta ta tsage. Bai taɓa riƙe jita ba. Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ga katakon bai kai kaurin ƙwarya ba. Ya ce zai yi. Ya ɓata maɗaci mai kyau ba ɗaya ba, ba biyu ba, yana ƙoƙarin tsaga shi siriri da zarton hannu, kullum yankan ya karkace. Abinci ma ya rage ci. Daga nan ne ya ga inji a wurin wani kafinta a birni: zarto kamar ɗamara, an haɗe bakinsa biyu, yana zagaye wili biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana ratsa tsakiyar tebur. Yana yanka a miƙe, yana yanka a lanƙwashe. Ya dawo gida bai da wata magana sai tasa.

Da muka tara abin da za mu tara, shi daga garaya ni daga shinkafa, tare muka tafi Kano, Mansura tana goye a bayana. Mai sayarwa ya nuna masa wani sabo, ƙarami, fentinsa yana ƙyalli. Mahaifinku ya sa hannu ɗaya ya girgiza shi, ya ce wannan in iska ta taso sai an ɗaure shi a turke. Mai kaya ya ce to Malam in nauyi kake so ka sayi dutsen niƙa. Suka yi ta ja suna dariya. A ƙarshe wani tsohon inji ya ɗauka a can lungu, fentinsa ya kaɗe, kaji sun yi kashi a tebur. Motar tumatir da ta sauke kaya ce ta kawo mana shi. Unguwa duk ta fito kallo. Kai Babba kana ɗan ƙarami, da aka tayar da shi ka ruga ka shige bayan zanina. Ku ne kuka sa masa suna Goggo, don kafin ya tashi sai ya yi ta gunaguni.

A bakin teburin Goggo aka samo kuɗin makarantarku, da kayan ɗakin Mansura, da injin ban ruwan Babba na farko. Garin katakonsa da guntayensa su suka hura mini wutar shinkafa shekara da shekaru. Har yau in na sa itace a wuta na ji ƙamshin maɗaci sai in ɗaga kai in duba rumfa.

To ga abin da ya faru, yadda yake. Bayan rasuwa, da aka saki ruwan rani, Babba yana bukatar katakon tare ruwa a ƙaramar magudanar gonarsa. Ya ciro tsofaffin daga kanal, jiƙe, da laka a jikinsu, ya kawo rumfa. Sabi'u ba ya nan. Zarton da ke kan injin siriri ne mai ƙananan haƙora, wanda ake yanka ƙwaryar goge da shi. Ya tura katakon, haƙora suka cushe, ya ƙara ƙarfi, zarto ya ci karo da ƙusa ya tsinke, moton ya yi hayaƙi, wilin sama ya tsage. Jaji ya duba ya ce ba ya gyaruwa. Sabi'u ya dawo ya faɗi maganar da ba zan rubuta duka ba, har da cewa kai Babba ka sake binne mahaifinku. Kai ma ka ce masa kana cikin laka kana ciyar da gida su suna sassaƙa kayan wasa.

Sabi'u, kai a ganinka injin nan bai taɓa taɓa itacen gona ba, yayanka ne ya raina shi. Ba haka ba ne. Kowace shekara in rani ya zo, a kan injin nan ake yanka wa Babba katakonsa. Shi yakan ajiye su a bakin rumfa ya wuce gona. Ni nake wanke su da ruwa da soso in shanya su bushe, mahaifinku ya bi su da guduma ya cire ƙusa, ya sauke siririn zarto ya ɗora mai faɗi, ya yanka, ya mayar da siririn. Kafin ka dawo daga makaranta an gama, an share. Babba kuma kullum a yanke yake tarar da su. Bai taɓa ganin wanki ba, bai taɓa ganin canjin zarto ba. Abin da ya sani shi ne injin ubansa yana yanka masa katako. Ranar kuwa ina cikin takaba, ciwo ya kwantar da ni, ban san ya shiga rumfa ba sai da na ji ƙara. Ba raini ba ne. Yaro ne ya je inda ubansa ya saba yi masa aiki, ya tarar uban ba ya nan.

Kai kuma Babba, abin da ka kira kayan wasa shi ya saya maka injin ban ruwan da kake alfahari da shi. Kowannenku ya janye maganarsa a gaban Mansura. Ba na neman a tantance wa ya fi laifi.

Na biyar, yadda za ku zaɓi inji. Ku tafi tare, a babur ɗaya. Babba ya san moto, ya kwana ya tashi da injin ban ruwa, daga ƙara yake gane mai ciwo. Sabi'u ya san itace. In ɗayanku ya je shi kaɗai rabin inji zai sayo.

Kada fenti ya ruɗe ku. Ku nemi mai nauyi, mai teburin ƙarfen zubi, ba falle ba. Ku sa a kunna shi a gabanku, ku ɗora ƙoƙon ruwa a tebur, kamar yadda mahaifinku ya yi. In ruwan yana ɗan motsi kawai, to. In yana tsalle yana zuba, ku yi sallama ku wuce, inji mai rawa ba ya fitar da fuskar jita.

Kafin ku fita gida ku auna faɗin gungumen Ɗanasabe da kara, ku karya karan daidai, ku tafi da shi. Ku tsayar da shi a tebur, ku ɗaga abin da ke riƙe zarto daga sama iya ƙarshensa. In karan bai shiga ƙarƙashi ba, injin ya yi muku ƙanƙanta komai kyansa. Wanda ya shige da garaya zai shige da molo da sauran.

A kashe shi, a buɗe murfin sama da na ƙasa. Ɗaya ya juya wili da hannu a hankali, ɗaya ya tsuguna ya kalli zarto: ya zauna a tsakiyar wili, kada ya riƙa tafiya gaba da baya. Ku duba wilin da kyau ko akwai tsaga ko tabon walda. Robar da ke bakin wili in ta bushe ana canzawa, ba abin fasa ciniki ba ne, ƙananan boris ɗin da ke tallafe zarto ma haka. Amma wili mai tsaga ko a kyauta kada ku ɗauka.

Moto, Babba ya fi ni sani, amma zan faɗa: mai layi ɗaya, irin wutar gida, wanda janaretanmu zai iya tayarwa. Manyan injunan kamfani masu layi uku suna da arha a kasuwar tsofaffin kaya, don ba mai iya kunna su a ƙauye. Ku tura guntun ƙirya mai kauri ku ji. In muryarsa ta dushe ya fara nishi, ba shi da ƙarfi.

Kada ku kashe kuɗin duka a kan inji. Mahaifinku yakan ce ya gwammace tsohon inji da zarto mai kyau a kan sabo da zarton banza. Ku rage na zarto.

Na shida, zarto. Tsayinsa ku auna da igiya a kan wilin sabon injin, kada ku yi zaton na Goggo za su hau. In naɗi kuka sayo, Jaji zai yanka ya haɗa. Ku shafa wurin haɗin da yatsa, in kun ji tudu ya goge shi.

Mai faɗi, kamar babban yatsa, mai manyan haƙora warwatse, shi ne na tsaga katako siriri a miƙe, fuskar jita da bayanta, da fasa gungume. Manyan haƙora suna fitar da gari, ba sa cushewa. Sabi'u, kada ka yi gaggawa da shi, ka bar shi ya ci da kansa. In ka ji ƙauri, ko dai ya dakushe ko kai kake matsa masa.

Matsakaici, kamar ƙaramin yatsa, shi ne na yau da kullum: zagaye ƙoƙon garaya da molo, fitar da wuya.

Siriri mai ƙananan haƙora shi ne na ƙwarya da ƙaho da ƙashi, da jaki, ɗan katakon nan da tsirkiya ke hawa kai. Ƙwarya in ta ga babban haƙori fashewa take yi. Ku tuna abin da mahaifinku yake faɗa, kowane lokaci haƙora kamar uku su kasance cikin abin da ake yankawa. Abu siriri, ƙananan haƙora. Abu mai kauri, manya.

Sai zarto na huɗu, shi ne na Babba. Mai faɗi, mai arha, na katakon gona da na akwatin tumatir. A kafa masa ƙusarsa daban, a ɗaura masa jan ƙyalle. Babba, kana da hakki a injin nan daidai da na ƙanenka, ba aro kake yi ba. Amma wanki da shanya da cire ƙusa yanzu aikinka ne, ba ni. Sabi'u zai koya maka sauke zarto da ɗorawa, ka tsaya ka koya ko da yake ƙanenka ne.

In an tashi aiki a sassauta zarto, kada ya kwana a ɗaure. Mahaifinku ko kiran salla aka yi sai ya murɗa hannun sassauta zarton kafin ya ɗauki buta. In ƙaro ya manne a haƙora a goge da kalanzir. In kun ji yana buga tik, tik yana gudu, a kashe nan take, tsaga ce ta fara. Wanda ba a aiki da shi a naɗe a rataye. Mansura, kin tuna yadda mahaifinku yake murɗa shi da hannu da ƙafa ya koma zobe uku, ki ce ya sake, ya ware ya sake, har tuwona ya kusa ƙonewa ina kallonku? Sabi'u ya iya. Ya nuna wa 'ya'yanki, daga nesa.

Mansura, kashi ɗaya cikin uku na injin nan naki ne. Ba a sayar da shi, ba a ba da aronsa, ba a rushe rumfa sai da yardarki. Na san maigidanki mutum ne mai fahimta, ki nemi izininsa ki riƙa leƙowa ranar kasuwar Bunkure. Duk cikinku ke kaɗai ce kowa yake jin kunyarki.

Na bakwai, kuma na ƙarshe. Dogon katako mutum ɗaya ba ya tsaga shi. Ɗaya yana turawa daga gaba, ɗaya yana tarba daga baya, kada ya ja, kada ya saki, ya riƙe kawai ya bi saurin mai turawa. Mai tarba ba ya magana, ƙara ba ta bari a ji, idon ɗan'uwansa yake kallo. Wurin nan na baya nawa ne. Ba mu cika yawan hira da mahaifinku ba, amma a tsakanin bakin teburin nan biyu mun fahimci juna fiye da yadda magana za ta kai mu. Babba, na ba ka wurina. In Sabi'u zai tsaga dogon katako ya jira ka dawo daga gona, kada ya nemo bare.

Kada ku jira sai na mutu. Shinkafa ta nuna, ku yanke ta tare, ku sayar, ku tafi Kano. Bangon ɗakina shi ne bangon rumfa. In an tura katako mutum ɗaya, ƙarar takan karye a ƙarshen yanka, don katakon ya rinjaya. In akwai mai tarba, takan tafi sumul har ta fita. Ina kwance zan gane, ba sai wani ya shigo ya faɗa mini kun shirya ba.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku koma kwano ɗaya, kada ƙofar ɗayanku ta rufu ga ɗan'uwansa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya haskaka kabarinsa, ya sada ni da shi cikin rahama. Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a gonarku da sana'arku da zuriyarku, ya tsare muku yatsunku.

In Allah ya ara mini kwana, ina nan ina saurare.

Mahaifiyarku,
Talatu